Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Duk ɗalibin da ke kai da kawowa tsakanin tsohuwar harabar jami'ar nan da sabuwa ya san Ƙofar Kabuga, ko da kuwa bai taɓa ɗaga kai ya dube ta da idon basira ba. A nan ne akan sauka a sake abin hawa, a nan ne akan yi ta ja-in-ja da masu adaidaita sahu, motoci kuwa na ta kurɗawa ta gadar ƙasa ba dare ba rana. Ni ma haka na ɗauke ta, mararraba kawai a kan hanyata ta komawa gida cikin birni, har ran da wata lacca ta sa na tsaya a wurin ina ta saƙe-saƙe.

Abin da ya faru shi ne, a zangon karatun da ya gabata an gayyato wani babban ma'aikacin gwamnati ya yi mana jawabi a kan al'adun gargajiya da tattalin arziki. Mutumin ya iya magana, ba laifi. Ya lissafa saƙa da rini da dukanci da ɗinkin hannu, ya nuna takaicinsa game da yadda suke ja da baya, sa'an nan ya kawo magani. Ya ce a gyara wuraren tarihi, a giggina masaukai, a yi talla a ƙasashen waje. Da zarar masu yawon buɗe ido sun dawo Kano, to, kakar masu sana'ar hannu ta yanke saƙa. Aka ɗauki tafi raf-raf-raf. Ni ma na tafa, domin magana ce mai daɗin ji, kuma ba a ranar aka fara yin ta ba. Amma ko kafin in iso Kabuga tafin ya fara yi mini ciwo a hannu, kuma dalilin haka nake son in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da yayyenmu da suka fara aikin gwamnati.

Bari in fara da ita ƙofar. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi mulki daga 1618 zuwa 1623, aka faɗaɗa ganuwa ta wannan ɓangare na yamma. Ta nan kuma sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa suka shiga birni ran 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Wanda yake son ganin tsohon ƙyauren ƙofar a yau, sai ya tafi Gidan Makama, inda aka adana shi tare da sauran kayan tarihi. Na je na gan shi. Ƙyaure ne mai kwarjini, ana kula da shi, baƙi na tsayawa su ɗauki hotonsa. Sai dai fa ba ya rufe komai, ba ya buɗe komai, ba wanda ke kwana da tunanin cewa lafiyar iyalinsa ta rataya a kansa. Wannan ita ce makomar da nake ji wa ɗinkinmu na hannu tsoro, muddin muka ce baƙo ne zai raya shi.

Domin kada a ce tsoro ne na banza, mu leƙa Turai, inda aka riga mu gwada wannan magani. Leshin da muka sani, wanda ake cika akwatunan lefe da shi, aikin inji ne. Amma asalin abin da Turawa ke kira da wannan suna aikin hannu ne na mata, wanda ya bunƙasa tun ƙarni na 16 a Italiya da kuma yankin da ya zama ƙasar Beljiyam a yau. Mace takan ɗora matashi mai tauri a gabanta, ta shimfiɗa takarda mai zane a kansa, ta kakkafa ƙananan allurai bisa zanen, ta rataya zare a jikinsu. Kowane zare an naɗe shi a jikin wani ɗan ice mai kama da mazari. Da waɗannan 'yan itatuwa, wani lokaci ashirin, wani lokaci ɗaruruwa, za ta yi ta sarƙa zaren, ta ɗora wannan a kan wancan, ta murɗa, ta kafa allura, ta ci gaba, har wata raga mai furanni ta fito. In aikin mai laushi ne, yini guda cur ba ya ba da abin da ya kai faɗin tafin hannu. Sarakuna da attajirai ne ke saye, suna ado da shi a wuya da hannun riga, kuma sun san mai kyau sun san na banza.

A 1809 wani Bature ɗan Ingila mai suna John Heathcoat ya ƙera injin da ke kwaikwayon wannan raga. Masu aikin hannu suka hangi abin da ke tafe, har a 1816 wasu suka afka wa masana'antarsa a garin Loughborough suka farfasa injinan. Wannan bai hana komai ba. Leshi ya yi araha, manyan mutane suka sake salon ado, aikin hannu ya shiga halin ni-'ya-su.

To, yau ina aka kwana? Birnin Bruges na Beljiyam da tsibirin Burano da ke kusa da Benis a Italiya, dukansu sun yi suna da leshi, na Bruges na 'yan itatuwa, na Burano na allura. Dukansu kuma suna samun baƙi irin waɗanda Kano ba ta taɓa gani ba ko a mafarki. In da baƙo na raya sana'a, da matan waɗannan garuruwa sun fi kowa wadata. Alhali kuwa sanannen abu ne cewa yawancin abin da ke rataye a kantunan tsarabarsu aikin inji ne, ko kuwa an yo shi daga ƙasashen Asiya inda ƙwadago ke da araha. Makarantar koyon leshi da aka buɗe a Burano a 1872 ta rufe a 1970, ginin ya koma gidan tarihi, inda 'yan tsofaffi kan zauna da allura baƙi na kallo. Sunan garin na ci, kanti na ci, masu masauki da masu jirgin ruwa na ci. Ita mai allurar, ita ce hoton da ake nunawa don a sayar da abin da ba ita ta yi ba.

Me ya sa haka? Ba don baƙo mugun mutum ne ba. Dalilin yana cikin yanayin cinikin kansa, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Mai karatu ya tuna yadda mahaifinsa ko kawunsa ke sayen hula a Kasuwar Kurmi. Ba ya ɗauka ya biya. Zai juya ta ya dubi cikinta, domin a nan ne asirin mai ɗinki yake. Zai bi zanen da yatsa ya ji ko zaren ya kwanta daidai ko wani wuri ya yi tauri wani ya yi sako-sako. Zai ɗaga ta ga haske ya ga ko akwai inda aka yi tsallake. Zai tambaya ko zaren na zuba in an wanke. Ya san bambancin zanna bukar da damanga da ƙube, ya san aikin Bama in ya gan shi. In aka cuce shi, gobe zai dawo da hular a hannu, kuma kafin la'asar duk layin ya ji. In ya ji daɗi kuwa, shi da wannan ɗan kasuwa sun ƙulla ke nan har 'ya'ya. Wannan ido na mai saye, shi ne malamin da ke tsaye a kan mai ɗinki da bulala. Saboda tsoronsa ne ake warware aikin kwana biyu a sake, don kawai zane ya karkace da faɗin zare ɗaya.

Shi kuwa baƙo, Allah Sarki, bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kwana biyu zai yi a gari. Abin da yake nema shi ne wani abu mara nauyi, mara tsada, wanda zai shiga akwati, wanda kuma in 'yan'uwansa sun gani za su ce lalle ya je Afirka. Ba zai sa hular ba, balle ya san ko tana zuba. Ba zai dawo ba, balle ya yi ƙorafi. Ɗan kasuwa kuwa ba wawa ba ne. Da zarar ya gane cewa aikin mako uku da aikin awa uku kuɗinsu ɗaya a wajen wannan mai saye, to, ya daina neman na mako uku. Daga nan sai abu ya fara ƙanƙancewa: babbar riga ta koma 'yar jaka, jaka ta koma abin rataya makulli. Zanen da ke da suna da ma'ana ya ba da wuri ga hoton raƙumi da taswirar Afirka. Daga ƙarshe shi mai sana'ar kan lura cewa abin da baƙo ya fi so shi ne ya ɗauke shi hoto yana aiki, sai aikin ya zama wasan kwaikwayo. Wanda ya taɓa raka baƙo marinar Ƙofar Mata ya ga alamar wannan: ana nuna masa rijiyoyin rini da aka ce sun samo asali tun 1498, ya yi mamaki, ya ɗauki hoto, ya sayi ɗan ƙyalle, ya wuce, rijiyoyi da yawa kuwa na nan a bushe.

Mu kuwa abin da muke da shi ba ƙaramin abu ba ne. Ba mu gaji leshin 'yan itatuwa ba, amma mun gaji ɗan'uwansa na allura. Duk wanda ya ƙura wa aljihun babbar riga ta hannu ido zai ga ƙananan huji ɗaruruwa, kowanne an zagaye bakinsa da zare ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya zama kamar saƙar zuma. Akwai ɗinkin shabka, mai kama da raga, wanda sunansa ma daga kalmar Larabci ta raga ya fito. Akwai aska biyu, akwai aska takwas, akwai 'yar madaka da malum-malum, kowace da tsarinta da irin mutumin da ya dace da ita. Riga ɗaya takan ci watanni, kuma a da takan bi ta hannun mutane da yawa kafin ta hau wuyan mai ita: manomin auduga, matan da ke kaɗi, masaƙi, marini, maɗinki, mai zane wanda sau da yawa malami ne, almajiran da ke cike zanen, sa'an nan mabugi. Zaren kuwa ko na tsamiya, ko alharinin da fatake ke kawowa ta hamada. Unguwa guda a cikin birnin nan sunanta Soron Ɗinki. A 1976 an baje kolin irin waɗannan riguna a Landan, a wani nuni na fasahar Hausawa da David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shirya.

Abin tambaya shi ne, wa ya raya wannan sana'a har ta kai haka? Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma ce suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu da gaɓar tekun Atlantika. Shi Barth baƙo ne, ya zo ya gani ya rubuta, amma ba shi ne kasuwar ba. Kasuwar ita ce Buzun da ba ya yarda ya naɗa rawani sai na Kura, da basaraken da ba ya naɗa hakimi sai ya ba shi riga, da angon da ke son ya fita kunya, da malamin da ke ajiye rigar Juma'a a ƙasan adaka. Dukansu masu sawa ne, kuma dukansu masu ido ne. Wasu na nesa, gaskiya ne, amma nisa bai mai da su 'yan kallo ba.

Akwai kuma wata matsalar da mai laccarmu ya tsallake, wadda mu mutanen Kano bai kamata a tuna mana da ita ba. Baƙo ba shi da tabbas. Akwai lokacin da Turawa ke cika rumfa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. Bayan hare-haren 20 ga Janairu, 2012, sai suka ɗauke ƙafa. A cikin wannan shekara kamfanin jiragen sama na KLM, wanda ya shafe shekaru fiye da 60 yana sauka Kano, ya daina zuwa. A 2020 annoba ta rufe duniya baki ɗaya. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, abin alfahari ƙwarai, amma a wannan shekarar da wadda ta biyo ta an hana hawa saboda rikicin sarauta. Ashe mai hankali zai ce wa mace mai marayu ta jingina tukunyarta a kan abin da labari ɗaya a rediyo ke iya korewa? Magabata sun riga sun gama maganar da suka ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kuwa kaba.

Na ambaci mace da gangan, domin yawancin hulunan da muke taƙama da su a cikin gidaje ake ɗinka su, a hannun matan da ke kulle da 'yan mata. A Zariya ma tun wajen shekarun 1970 da 1980 mata suka shiga ɗinkin manyan riguna, aikin da a da na maza ne, yayin da mazan suka koma kan keken surfani. Ina da gwaggo a cikin birni wadda da allura ta yaye 'ya'yanta huɗu bayan rasuwar mijinta. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki bayan ta sauke tukunya, ta yi ta yi har hasken rana ya gaza, yanzu ma ba ta iya zura zare sai ta kira jika. Dillaliya ke kawo mata yadi da zare, ita ke karɓar hula in an gama, ita ke yanke ladan aiki. Wata rana na bi sawun wata hula tata har kasuwa, na taya kamar mai saye. Kuɗin da aka gaya mini ya sa na rasa abin cewa, domin abin da ya shiga hannunta bai kai rubu'insa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da na koma na ba ta labarin laccar, na ce mata an ce Turawa za su dawo, kasuwa za ta buɗe. Ba ta ko ɗaga kai daga ɗinkinta ba. Ta ce, "Ɗan nan, ni Bature ya taɓa shigowa zauren gidan nan? Lokacin da suke zuwa ma ai a bakin dillaliya nake jin labarinsu. Kai dai da ke ɗana, hular da ke kanka wa ya ɗinka ta?"

Hular da ke kaina ta inji ce. Na saye ta ne don araha, ban kuwa taɓa tunanin akwai abin kunya a ciki ba sai ran nan.

Wannan tambaya ta gwaggo ita ce ta kawo ni ga ainihin waɗanda nake rubutu dominsu, watau mu. A ƙasar Ostiriya akwai wani ɗan yanki mai suna Vorarlberg. A can ne garin Lustenau yake, wanda tun shekarun 1960 masana'antunsa suka gano kasuwar Ikko suka shiga yi wa 'yan Nijeriya leshi. A can ne kuma garin Bludenz yake, mazaunin kamfanin Getzner, wanda shaddarsa ta shiga bakinmu har muka mai da sunan gezna. Mutanen nan ba su zauna jiran mu je yawon buɗe ido mu sayi tsaraba ba. Sun yi nazarin abin da muke so mu sa a jikinmu ranar biki, suka yi shi, suka kawo mana har gida. Su sun gane cewa kasuwar gaske tana jikin mai sawa. Mu kuwa da muke zaune a tsakiyar miliyoyin masu sa hula da babbar riga, daga nan har Maraɗi da Yamai da Kumasi da Fotsudan, mu ne muke leƙen hanya ko wani zai sauko daga jirgi ya cece mu.

Na san abin da za a ce. Za a ce kai ɗalibi ne, ba ka san zafin albashi ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wanda bai kai ƙaramin ma'aikaci ƙarshen wata ba, ina ya ga kuɗin hular hannu? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba na cikin masu zagin inji. Keken surfani da injin kwamfuta sun sa talaka ya yi ado ranar Salla, sun kuma ba dubban samari abin yi. Wanda ƙarfinsa na inji ne ya sayi na inji, ba wanda zai ga laifinsa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Saurayin da ke cewa hular hannu ta yi tsada, shi ne zai ci bashi ya sayi yadi goma na gezna, ya kai wa tela ya zuba mata aikin kwamfuta na dare ɗaya. Shi ne in zai yi aure zai jera akwatuna cike da leshi da atamfa da takalma, ba ko ɗaya da aka yi a ƙasar nan. Kuɗin na nan, inda muke kai shi ne abin dubawa. Mun yarda cewa abin da ya ƙetaro teku ya cancanci tsadarsa, abin da gwaggo ta yi wata guda tana yi kuwa sai mu taya shi kamar muna taya gwanjo.

Wani abokina ya ce a yi doka kawai, kamar yadda Thomas Sankara ya yi a Burkina Faso lokacin mulkinsa, daga 1983 zuwa 1987, da ya umarci ma'aikatan gwamnati su riƙa sa tufafin da aka saƙa a ƙasar. Dabarar ta ba masaƙa aiki, ba shakka, kuma ta nuna abin da albashin ma'aikata zai iya yi in aka juya shi gida. Amma ni ban cika son ado na dole ba. Abin da aka sa don tsoron shugaban ofis, ranar da shugaban ya tafi za a tuɓe shi. Bugu da ƙari, doka na iya sa mutum ya saya, ba ta iya ba shi ido, kuma idon nan shi ne abin da muke rasawa. Da yawa daga cikinmu a jami'ar nan za mu iya bambanta wayar hannu ta asali da jabu daga nesa, amma a ba mu huluna biyu, ta hannu da ta inji, sai mu tsaya muna zare ido. In aka wayi gari ɗan gari ya zama kamar baƙo a gaban aikin garinsu, to, duk abin da na faɗa game da baƙo ya hau kansa.

Saboda haka abin da nake gani ya fi gina masaukai gaggawa shi ne, da farko, a daina ƙarya a kasuwa. A yau ana sayar da aikin inji da sunan na hannu, wanda ba a san shi ba kuwa shi ke kwana a ciki. Mun daɗe da sanin ciwon a sayar da aikinka da sunan wani: fatar jan akuyar Sakkwato da ake jemewa a ƙasar Hausa ta yi ƙarnoni ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, don kawai ta can ta bi. Kamata ya yi masu sana'ar su sami ƙungiya mai hatimi, wadda za ta shaida cewa wannan hula ko riga aikin hannu ce, daga unguwa kaza, hannun wance ko wane. Mai saye ya san abin da ya biya, mai aiki kuma sunansa ya fito daga bayan dillali. Ba na cewa a kori dillaliya. Matar da ke kulle tana bukatar mai kai mata da kawowa, kuma ita ma abincinta take nema. Amma in mai ɗinki ta san kuɗin da aka sayar da aikinta, cinikin ladanta zai sake kama.

Sa'an nan koyarwa. A garin Idrija na ƙasar Silobeniya akwai makarantar leshin 'yan itatuwa da ke koyar da yara tun 1876, ba ta kuwa rufe ba, kuma a 2018 UNESCO ta amince da wannan sana'a ta ƙasar. Bambancinta da Burano a fili yake: a can 'ya'yan gari ne ke koyo. Mu nan muna karanta wa ɗalibai sunayen zane-zanen riga domin jarrabawa, ba tare da an taɓa kawo mai zanen ya zauna a gaban aji da yadi da allura ba. Tsofaffin da suka san yadda ake fitar da aska takwas da hannu ba tare da an auna da komai ba suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuwa in ya tafi da abin da ke kansa yake tafiya.

Baƙi kuwa su zo, muna maraba. Kano ba ta taɓa rufe ƙofa ga baƙo na alheri ba, kuma a gyara ganuwa da Gidan Makama da Kurmi abu ne da ya wajaba ko da ba wanda zai zo daga waje. In baƙo ya tarar da sana'a tana tsaye da ƙafarta, 'yan gari na rububinta, zai biya kuɗin da 'yan gari suka yanke, ya tafi da abu na gaske. Wannan riba ce a kan uwar kuɗi. Abin da na ƙi shi ne a mai da ribar ta zama uwar kuɗin.

Ga Ƙungiyar Ɗalibai ina da roƙo guda, wanda bai fi ƙarfinmu ba. Duk shekara muna yin makon al'adu, mu ari manyan riguna da rawuna, mu hau dawakin haya, mu ɗauki hotuna, kashegari mu mayar. In an duba da kyau, mu ma yawon buɗe ido muke yi a cikin al'adarmu. Bana a ware rumfa ɗaya a gayyato masu ɗinki daga cikin birni, maza su zo da kansu, matan da ba sa fita kuwa 'yan'uwanmu ɗalibai mata su je su karɓo aikinsu da sunayensu da kuɗin da su suka yanke. A sa wani dattijo ya nuna mana yadda ake juya hula a karanta cikinta. Zan gabatar da wannan a rubuce a taron majalisar ɗalibai mai zuwa, kuma ina neman wanda zai mara mini baya.

Ni dai na riga na kai wa gwaggo yadi da zare, na ce ta yi mini hula, kuma kuɗin kasuwa zan biya, ba ladan dillaliya ba. Ta yi dariya ta ce ɗan boko ya yi hankali. Ta karɓi rabi, ta ce sauran sai aiki ya kammala, kuma kada in dame ta da sintiri, akwai huluna biyu a gabana, tawa sai bayan Babbar Salla.